Darasin Kayan Kiɗa a Aji Huɗu

Malama Mansura ta raba ɗalibanta kusurwa uku suna zagayawa: nan dangin ganga, can dangin sarewa, can dangin goge. Ajin ya kaure, sai ga hedimasta Malam Gide, wanda duk Faskari an san ko waya mai kiɗa ba ya ɗauka.

"Makaranta ce ko gidan biki? Yau a bakin aikinki!"

Ya fizge kalangu daga hannun wata ɗaliba, har ya kai ƙofa, sai ya waiwayo ya dubi ɗalibar.

"Ke kuma, haka ake matsa kalangu? Dubi nan!"

Ya saƙala shi a hammata ya shiga kaɗawa. Kafin a tashi, mahautan kasuwa sun cika tagogi suna ihu: "Wallahi hannun ubansa ne! Ɗan Sarkin Kiɗa ya dawo gida!"