Ɗaki Mai Taya na Kebbe

Gazali ya durƙusa a gaban ƙugiyar jan ɗakin, ya goge ɗan farantin ƙarfen da bakin rigarsa har lambobin suka fito: kilo ɗari tara. Ya rubuta a tafin hannunsa.

Ɗaki ne mai taya, irin wanda ake ɗaura wa mota a baya. Wani kamfanin gyaran hanya ne ya bar shi a gefen Kebbe shekara goma sha ɗaya da suka wuce, tare da maigadinsa, wani tsoho mai suna Ɗangiwa. Yayar Gazali, Hajiya Zulfa, ta saye shi a takarda ba tare da ta gan shi ba. Niyyarta ta mayar da shi shagon atamfa mai bin kasuwanni, yau Jabo, gobe Dogon Daji. Ta ce idan Gazali ya kawo shi Tambuwal lafiya, shi zai riƙe shagon.

Gazali ba ya wasa da irin wannan aiki. Ya taɓa ɗaura wa ƙaramar mota tirelar albasa da ta fi ta nauyi. A gangare tirelar ta ingiza motar cikin rami, aikinsa na direba ya tafi tare da albasar. Shekara biyu ke nan yana zaman banza a gidan yayarsa. Tun daga ranar ya haddace ƙa'ida: abin da ake ja kada ya kai nauyin mai jansa, birki ya zama na kirki, kaya masu nauyi a ajiye su saitin taya.

Ya leƙa ciki. Tabarmi sun rufe bango ko'ina, ga sanyi kamar cikin randa alhali rana ta take. Tagar tana da zurfi, har tsohon ya jera kwanukansa a kai. Gazali ya yaba aikin Turawa. Ya sa aka fitar da gado da buhun gero da kajin da ke kwanci a lungu, don kada su ɓata masa lissafi.

"Ɗana, akwai magana guda," in ji Ɗangiwa.

"Baba, wanga aikin lissafi na. Nemi inuwa ka zauna."

Tsohon ya zauna.

Motar farko Golf ce ta Sambo makanike, ta fi ɗakin nauyi da kilo ɗari uku. Aka ɗaura, Gazali ya sa giya ɗaya, ya saki kuloci a hankali. Motar ta yi gaba, bambarta ta baya ta tsaya a Kebbe.

Gazali ya ce laifin tayoyin ne, don sun nutse cikin ƙasa har rabi. Aka tone su, aka kira mai faci ya ba su iska. Suka cika tim, ɗakin bai ɗaga ko da faɗin yatsa ba.

Washegari ya zo da motar Sharon ta haya. Ta yi gurnani, ta turnuke wurin da warin kuloci, aka tura ta gefe. Ya sake lissafi a bayan kwalin shayi, ya ƙara wa ɗakin kilo ɗari biyu na tsatsa, ya aro Hilux. Tayoyinta huɗu suka haƙa ramuka huɗu.

Zuwa lokacin wurin ya zama 'yar kasuwa. Mai rake ya kafa baro, mai ƙosai ta hura wuta. Wasu suka ce aljanu ne suka tare a ciki, aka kira malami ya tofa addu'a a kowace kusurwa. Ɗangiwa ya sake tasowa zai yi magana, hayaniya ta mayar da shi inuwa.

A rana ta uku Hajiya Zulfa ta kira waya.

"Gazali, atamfa ta iso. In ba ka iyawa, ka faɗa mini in ba Sambo shagon."

"Yaya, yau nika kawo shi, in sha Allahu."

Ya nemo tarakta, ya ɗaure Hilux a gabanta da sarƙa, maza goma sha biyu suka kafa kafaɗa a bayan ɗakin. Bisa lissafinsa, wannan ƙarfi ya isa jan irin ɗakin guda goma. Ya hau taraktar da kansa, ya yi bismilla, ya taka.

Sarƙa ta miƙe. Ƙarfe ya yi ƙara, wani abu ya saki, tarakta ta zabura cikin gonar dawa. Gazali ya ji ana biye da shi ƙararau-ƙararau, hawayen murna suka cika masa ido. Sai da ya yi nisa ya waiwaya.

Ƙugiyar ce kaɗai ke binsa, da fallen kwanon gaba. Ɗakin yana nan inda yake, mutane sun yi cirko-cirko suna kallon inda kwanon ya yaye.

Ya dawo a ƙasa. Ɗangiwa yana tsaye yana shafa jan bangon da ya bayyana, yana duba ko ya tsage.

"Shi nika son gaya maka tun shekaranjiya," in ji tsohon. "Na kamfani tsatsa ta cinye shi tun damina ta uku. Sunka ce in tsare shi tsaye, shi ya sa na haƙa harsashi, na bi kwanon daga ciki da tubali."