Mai Buɗe Ƙofa

Sau uku aka ƙwanƙwasa, sau uku Ofelia Barragan ta tashi ta buɗe. Al'adar babbar kotun ke nan: wanda ya zo ƙarshe shi ke buɗe ƙofar ɗakin shawara, ya karɓo kofi, ya rubuta ƙuri'u. Satinta ɗaya da fara aiki, daidai da buɗe sabon zangon shari'a na Oktoba. Har kwamitin ɗakin cin abinci an liƙa mata.

"Yarinya, miyar jiya gishiri ne zalla," in ji tsoho Mai shari'a Hargrove. "In ba ki gyara ba, ke za mu fara yanke wa hukunci."

Aka yi dariya. Ita ma ta motsa baki.

Takardar da ke kan teburi ta Lamont Teague ce, wanda aka yanke wa hukuncin kisa, za a kashe shi ranar Alhamis. Lauyansa ya yi ta gyangyaɗi a lokacin shari'a, ga shi kuma ɗaukaka ƙarar ta makara da kwana ɗaya. Alƙalai huɗu suka ce tsarin mulki bai yarda a kashe mutum saboda sakacin lauya ba. Huɗu suka ce wa'adi wa'adi ne, ba aikin alƙali ba ne ya ƙara wa doka abin da ba a rubuta ba. Ofelia tana ta rubutu. Ba ta jin tausayi, ba ta jin haushi, hannunta kawai ke tafiya.

Da safen nan uwar Lamont ta tare ta a ƙofar ma'aikata, riƙe da hotonsa. Tsohuwar ta ce ta ga alamar mutunci a fuskarta, tunda a ciki take aiki ta taimaka ta sa musu baki wajen manya. Ofelia ta ce to.

Ƙarfe sha biyu aka gama. Ta rubuta sakamakon, ta kwashe kofuna, ta ja ƙofa.

Da yamma tsohuwar tana nan inda ta bar ta, ta riga ta ji labari.

"Biyar da huɗu, 'yata," ta ce. "Mutum ɗaya kacal. Ke dai na san kin yi iya ƙoƙarinki, Allah ya saka miki."

Ofelia ta gyaɗa kai ta wuce. A ɗakin nan sabon alƙali ne ke jefa ƙuri'ar ƙarshe, kuma ita ce sabuwar; tata ce ta cika biyar ɗin da suka ƙi karɓar ɗaukaka ƙarar.