Hular Misbahu Mai Ganin Komai

Ana cikin ɗaure ƙafar Inna Sabuwa ɗanta Misbahu ya faɗo gidan, hular kwanonsa a hammata. Ga uwa kwance a tabarma, mai ɗori na jan ƙashi tana cije leɓe, amma sai da ya nemi wuri mai tsabta ya ajiye hular tukuna, sannan ya durƙusa.

Hular nan kowa ya san ta a Kudan. Wani abokinsa ne ya aiko masa da ita daga Legas, baƙa wuluk, gilashinta kamar idon fara. A cikin gilashin nan rubutu ke fitowa gaban idon mai tuƙi: hanya, gudun babur, saƙon waya, duk yana gani ba sai ya tsaya ba. Tana kuma ɗaukar hoton bidiyo na duk inda ya bi.

Tun da ya same ta ya daina gaida mutane. Dattijo zai ɗaga masa hannu a bakin titi, shi kuwa yana can cikin tukunyarsa yana karatu, yana dariya shi kaɗai. In an yi magana ya ce ƙauyawa ba su san ci gaba ba. Ci gaba! Gardin da har yau uwarsa ke ajiye masa ƙanzo.

"Wa ya yi wannan aikin?" ya daka tsawa.

Aka ce babur ne ya bige ta a mashigar gari, tana dawowa daga gidan suna. Ba wanda ya gani. Ya'u ɗan acaɓa ne ya tsince ta a kwalbati ya kawo ta, ga shi can zaure jini duk a gaban rigarsa.

Misbahu bai ce sannu ba, bai ce na gode ba. Ya fita ya ci kwalar Ya'u, ya zare makullin babur ɗinsa ya jefa aljihu.

"Haka kawai mutum zai ɗauko wadda bai bige ba? Tausayin naka ya yi yawa!"

Ya'u ya rantse har muryarsa ta dushe. Babur ɗin ba nasa ba ne, na ubangidansa ne, da shi yake ci da iyali. In ya kwana a ofishin 'yan sanda, shi da acaɓa sai dai kallo. Samarin unguwa kuwa har sun fara taruwa, wasu da gora.

Daga ciki Inna Sabuwa ta ɗaga murya da ƙyar. "Misbahu, ƙyale bawan Allahn nan. Ba shi ba ne."

"To wane ne, Inna?"

"Ko ma wane ne, na yafe masa duniya da lahira." Ta juya fuska bango.

Shi wannan bai ishe shi ba. Ya tsaya tsakar zaure yana wa'azin tuƙi. Ai shi ma ya bi hanyar bayan azahar, ya ɗauro damin rake daga Makarfi a gicciye bayan babur, zai kai gidan su Khairiyya, yarinyar da yake nema. Hanya duk ramuka, har wani rami ya karkata masa kaya, amma wa ya bige? Wanda ya iya tuƙi ya iya. Ya ma tuna ya wuce Ya'u a hanya, saboda haka hularsa ta ɗauki irin gangancin da Ya'u yake yi. A je gaban mai unguwa, kowa ya gani da idonsa.

Inna ta aiko maƙwabciya ta ce masa, don darajar nonon da ya sha, ya bar maganar. Ya ce tsofaffi ne ke lalata ƙasa da yafiya.

Bayan la'asar ƙofar mai unguwa ta cika. Misbahu ya goge hular da hannun riga, ya ɗora ta kan tabarma kamar ita ce alƙali, ya buɗe hoton a wayarsa. Kawuna suka haɗu. Ya'u na tsugune gefe, an tsare shi.

Ga titi nan yana gudu, ga gonakin rake dama da hagu. Ga Ya'u a gaba, yana tafiyarsa a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, har aka wuce shi fuu, aka bar shi a baya.

"Ku dai jira," in ji Misbahu.

Aka jira. Sai muryarsa ta fito daga wayar, yana karanta saƙo yana ƙyalƙyala dariya: "Kai, Khairiyya ke nan! Wai in yi sauri." Samari suka dara, shi ma ya dara yana shafa gemu.

Mashigar gari ta bayyana. Can gefen kwalta wata mace ta tako gaba kaɗan, ƙullin goron suna a hannu ɗaya. Babur bai rage gudu ba, bai kauce ba. Aka ji ƙarar rake ya daki wani abu, hoton ya girgiza, muryar ta ce, "Tsk, ramukan nan!" ta ci gaba da karatu.

Mai unguwa ya karɓi wayar ya mayar da hoton baya, ya tsayar da shi, ya miƙa wa Misbahu.

Inna Sabuwa ce, fuskarta cike da murmushi, ta hango hular tun daga nesa ta fito bakin titi tana ɗaga wa ɗanta hannu.