Tayoyin Gaba

"Wacce za ki zaɓa wa manomi?" Manaja ya nuna mini a-kori-kura biyu. Samun aikina yana kan amsar nan.

"Wannan, yallaɓai. Ƙarfe ɗaya ya haɗa tayoyin gabanta, tana jure kaya da gargada. Waccan kowace taya motsinta daban, ta fi laushi amma gyaranta da wuya."

"Madalla. Wa ya koya miki?"

Na kalli takalman bakaniken da ke kwance ƙarƙashin motar, duk baƙin mai.

"A jami'a," na ce.

Bakaniken ya leƙo yana murmushi. "Makarantarsu tana da kyau, yallaɓai." Ya koma ƙarƙashi.

Tun ina yarinya, shekara goma na yi ina miƙa masa sifana yana gyaran mota. Na sami aikin, amma har yau na kasa haɗa ido da Baba.