Sharaɗin Mai Sayen Keke

Sai da tela ya tura ƙofar shago, sannan ya gaya wa dillali zai sayar da keken ɗinkinsa, keken da ya ciyar da gidansu har ƙannensa suka girma. Likita ya ce aikin idon maiɗakinsa ba zai jira ba. Kunya ta hana shi tambayar kowa. Mutum ne da gara ya kwana da yunwa da a ce ya miƙa hannu, ko da a cikin dangi.

Ya yanke kuɗi, ya ce wanda ya biya ya kwashe kayansa nan take. Ba ya son ganin keken bayan ya zama na wani.

Da yamma dillali ya dawo da amsa. Mai saye ya yarda, har ya ba dillali kuɗin, bai nemi ragi ba, bai ma zo dubawa ba. Amma da sharaɗi: a bar keken a shagon, tela ya riƙa ɗinki da shi kullum don kada ya cije, ya kuma riƙa ɗiga mai a gefen hagu inda yake ƙara.

Ran tela ya ɓaci. Wato ya zama mai gadin kayan wani, yana taka keken aro a shagonsa, maƙwabta suna kallo?

Ya leƙa wajen akawun lauya da ke kusa. Akawu ya ce wanda ya yarda ya kuma ƙara sharaɗi, sabon tayi ya yi. Muddin tela bai amsa ba, ciniki bai faɗa ba. Tela ya fito yana hura hanci. Dillali ya roƙe shi ya sake tunani, tela ya ce shi magana ɗaya yake yi.

Washegari mai sayen tsofaffin kaya ya taya ƙasa da kuɗin farko, ba sharaɗi. Tela ya sallama. Da ake ɗora keken a mota, ya juya baya yana jera zare don kada a ga fuskarsa.

Dillali ya tsaya bakin ƙofa ya yi tagumi.

"Sai ka mayar wa mai sharaɗi kuɗinsa," in ji tela.

"Zan mayar. Ban dai san da wane baki zan gaya wa ƙaninka ba, bayan ya sayar da babur ɗinsa don keken ya zauna a hannunka."