Ƙurar Ƙarƙashin Kujera

Wata biyu ke nan da ta yi fushi ta bar gidan mijinta, yau ta zo kwashe sauran kayanta. Ta zaci za ta tarar da ko'ina kaca-kaca, sai ta ga gida tsaf. Takardar aikin mako da ta rubuta da hannunta tana nan manne a jikin firji: Litinin banɗaki, Laraba tagogi, Asabar ƙarƙashin doguwar kujera. Mutumin da a da ko tsintsiya ba ya ɗagawa ya bi kowace rana ya sa mata alama da biro. Asabar kaɗai ce babu alama ko ɗaya.

"Wannan fa?" ta tambaya ba tare da ta dube shi ba.

"Na gwada," ya ce. "Ba ta ɗaguwa da mutum ɗaya."

Ta so ta ce ai akwai maƙwabta, sai ta fasa.

"Yau Asabar," ya ce a hankali, idonsa a kan jakarta.

Ta ajiye jakar, ta kama gefen kujerar.

"Ban ce na dawo ba fa."

"Na sani," ya ce. "Amma ƙurar wata biyu ce. Ba za ta sharu yau ba."