Makiyayin da Ya Cinna wa Fadama Wuta

Tunda ka ce abin maƙwabcinka ya tsone maka ido, zauna ka ji. An yi wasu makiyaya biyu a ƙarƙashin Arɗo ɗaya. Da kaka ta yi, Arɗo ya raba musu wurin kiwon rani kamar yadda aka saba. Babban cikinsu, mai garken da ya fi yawa, shi aka ba zaɓi, ya ɗauki tudu mai faɗi inda gamba ta kai kafaɗar mutum. Ƙaramin, mai 'yan shanun da ba su taka kara sun karya ba, aka bar masa wata siririyar fadama. To, ka san rabo. Kafin wata biyu shanun fadama sun yi sumul, matar mai su kullum ƙwaryarta cike da kindirmo. Mai tudu fa ba abin da ya rasa, ciyawarsa za ta kai shi damina har ta yi saura, amma in ya hango shanun nan suna sheƙi sai ya ji kamar an zuba masa garwashi a ƙirji. Ya je wa Arɗo da ƙorafi a sake rabo. Arɗo ya ce, "Kai ka zaɓa da bakinka, Malam." Ya dawo yana cizon yatsa, ko furar kirki ya daina sha.

Ran kasuwa da hantsi, ruga ta watse, shanu sun gangara mashaya, sai ya zaga ya ƙyasta ashana a bakin fadamar. Abin takaici, mutumin da aka haifa a gindin saniya ya fi kowa sanin abin da wuta ke yi wa ƙasa mai danshi, amma baƙin ciki ya rufe masa ido. Wuta ta lashe fadamar tas, ya ji sanyi a ransa. Daɗin bai kai azahar ba, iska ta juya, wutar ta haura tudu, ta samu busasshiyar gamba ta yi ta ci har la'asar, yana tsaye da reshen ganye a hannu yana bugun banza. Bayan kwana goma sha biyar fadama ta yi toho kore shar, irin mai taushin nan da saniya ke ci hantsarta ta cika a tsakiyar rani. Tudu kuwa ƙasarsa ta bushe ƙayau, ko tsinke bai fito ba, kuma ba zai fito ba sai ruwan sama ya sauka. Shanunsa suka dinga lasar toka, haƙarƙarinsu ya fito ana ƙirgawa, maruƙa biyu suka kwanta ba su tashi ba. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ya rataya sandarsa a kafaɗa, ya tafi kansa a sunkuye ya roƙi mai fadama ya bar sauran maruƙansa su ɗan ci tohon. Mutumin ya ce, "Haba yaya, ai ciyawa ta Allah ce, koro su." Bai ma san wanda ya gyara masa fadamar ba, kuma wannan alherin ya fi wutar ƙona mai tudu.

Shi ya sa Hausawa suka ce hassada ga mai rabo taki ce.